Shekarar da Muka Sha Irin Shuka

Shekarar nan ruwa ya ƙi sauka. An rufe lakwal, wato makarantar boko, jikokina tara sun diro mini daga Yamai da Doso, sun cika gida da ihu, amma har yau ba wanda ya jefa ƙwaya a ƙasa duk faɗin Gaya. Kullum da la'asar hadari zai haɗu daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, mu yi ta gudun kwashe shanya, can sai iska ta zo ta watsa shi. Jiya ina zaune gindin dogon yaro na ga ƙaramarsu ta ɗauki kwanon kunu, ko rabi ba ta sha ba, ta juye wa awaki, wai ya huce. Na daka mata tsawar da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yarinya ta yi ta kuka, ni kuma na rasa yadda zan gaya mata ba da ita nake ba. Ina za ta gane? Ita buhun shinkafa ta sani a kusurwar ɗaki, in ya ƙare a aika kasuwa.

Mu ma haka muke cika gidan kakanninmu. Lokacin nasara bai daɗe da zama a Gaya ba, ni kuma ina da shekara goma sha biyu ko kusa da haka, don ba wanda ya rubuta. Gidan yana wani ƙauye a bakin kogin Kwara, tafiyar hantsi daga gari. Baba Namaiwa, uban uwata, da matarsa Iya Zali, su biyu rak suka rage a ciki. 'Ya'yansu biyar duk mata ne, aure ya warwatsa su: uwata can wajen Junju, ƙanwarta Inna Hajo a garin Bana, sauran ukun a tungayen da ke tsakani. Saboda haka kowace shekara da an gama yankan gero sai a tattaro mu jikoki a kai wa tsofaffi. Mu yi musu sussuka, mu kori tsuntsaye a shinkafa, mu ɗebo ruwa da itace, mu ci mu yi ƙiba, ba mu komawa gida sai ruwan shuka ya sauka.

Baba yana da wani gero gajere mai saurin nuna da ya gada wajen ubansa. Shi da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniya ɗaya ɗaya, ba ya yarda kowa ya taɓa. Ya sussuke, ya gauraya tsabar da toka don kada ƙwari su shiga, ya zuba a wata ƙaramar rufewa ta laka da ke kan duwatsu a bayan ɗakinsa, ya liƙe bakinta da yumɓu. Ranar da iyayenmu suka zo ɗaukarmu yake fasa liƙin, ya auna wa kowane gida irin da zai shuka, ya ce guzurin jikoki ne. A haka surukansa duk suka daina ajiye iri. Na sha jin babana yana cewa, "Mi za a yi da wahalar ajiya, ga na tsoho?" Gidaje shida, har da na Baba, irin shukarsu duk yana cikin tulun laka guda. Wallahi ba wanda ya taɓa ganin aibin haka, alfahari ma muke yi da shi.

To a shekarar da nake faɗi, gero ya fara ido ke nan fara ta sauka a arewa. Ni na gani da idona a Junju, da rana tsaka gari ya yi duhu, kafin azahar gonarmu ta koma kara tsaye. Baba ya tsira da rabin nasa don ya riga nuna. Da labari ya bazu cewa gidan tsoho akwai hatsi, sai aka kawo mu tun kafin lokaci, kuma ba manya kaɗai ba kamar kullum, har waɗanda aka yaye jiya jiya. Mu goma sha bakwai. Daga gidanmu ni ce da ƙannena biyu, Sani da Kulu.

Inna Hajo ce ta zo ƙarshe, goye da ɗanta Illo, yaro ɗan shekara uku mai manyan idanu. Ta kwance shi ta ajiye a cinyar Iya, tana share hawaye da gefen zane.

"Iya, ga amana. Shi kaɗai ya tsaya mini."

Iya ta ɗaga yaron sama tana jijjiga shi. "Kai, wannan angon nawa ba nauyi! Da mi za ka ciyar da ni?" Sannan ta juya ga 'yarta, fuskarta ta canza. "Ke Hajo, share idonki. Shekara nawa ake kawo mini jikoki? Akwai uwar da na taɓa mayar wa zane ba ɗa? Yadda kika kawo shi, haka za ki ɗauke shi."

Iya ba ta maganar banza. Gajeriya ce, baƙa, mai kaifin baki, in ta ce abu ko ƙauye zai tashi sai an yi shi.

Watannin farko ba mu san ana yunwa ba. Da sanyin safiya mu 'yan mata manya huɗu mu jera a turmi, Baba ya fito yana tsokanarmu, "Amarena, wace ce yau za ta dama mini fura mai kyau in ba ta kyautar kaza?" Mu ce kazar da ya yi alkawari tun bara ma ba mu gani ba. Da rana fura, da magariba tuwo da miyar kuka, wani lokaci da busasshen kifi. Ɗaki biyu muke kwana, maza ɗaya mata ɗaya, ƙafar wannan a bakin wancan, ga masu fitsarin kwance, kullum tabarmi a shanye a kan dangarmu kamar masu sana'ar saƙa.

Sanyi bai fita ba dogaran kumandan, nasaran da ke mulkin Gaya, suka zo da jakuna. Wai ana saran hanya, masu aikin dole suna bukatar abinci, kowane ƙauye ya ba da nasa. Suka hau babban rumbu suka kwashe fiye da rabi, muna tsaye muna kallo, mu goma sha bakwai, ba wanda ya ko dube mu. Ɗaya ya zagaya baya ya ga rufewa. Baba ya sha gabansa, ya ce iri ne, toka ce a ciki, ba ya ciwuwa. Mutumin ya buga ta da gindin bindiga, ya yi tsaki ya wuce. Suka haɗa da jiragen ruwan ƙauyen suka tafi da su Gaya, masunta suka bi jiragensu, kifi ya ɓace daga miya.

Daga nan Iya ta fara ragi. Furar rana ta fara tafiya, ta koma ruwan tsari da ɗan gari a ciki. Tuwo ya koma kunu. Kunu ya koma na sau ɗaya a wuni, da dusa a ciki. Takan jera mu daga ƙarami zuwa babba, ta riƙa zuba wa kowa ludayi biyu, idonta a kan ludayin kamar mai awon magani. Mu manya muka shiga daji. Mu tono muruci a gindin giginya, mu tsinto 'ya'yanta da suka faɗo mu tsotse har bakinmu ya yi ja ya tsage. Mu shiga tabki har wuya mu tumɓuko bado, matsattsaku na manne mana a ƙafa. Amma ba mu kaɗai ke nema ba. Mutane suna ta gangarowa daga arewa, wata biyu ba a yi ba ko'ina an tone shi, ramuka kawai za ka gani.

Sai bazara ta shigo. Ho, zafin shekarar nan! Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta, Kwara ta janye ta bar laka mai wari da rairayi. Gidan da ihunmu ke hana maƙwabta sakat ya yi tsit. Yara su kwanta a inuwar rumbu, ƙudaje na bin idanunsu, ba mai ƙarfin kora. Baba ya daina kiran kowa amarya. Yunwa ba ciwo take yi kullum ba, kwanakin farko ne take murɗa ciki. Daga baya sai jiri, in ka miƙe gari ya juya, ka ji bakinka yana ɗaci, ka ji haushin kowa.

Illo ne ya fara kumburin ƙafa. Gashinsa ya yi ja ya kwanta, cikinsa ya fito, haƙarƙarinsa a lissafe. Muruci ba ya zama masa, da ya ci sai ya fita. Da farko yana kuka dare da rana har muna ƙosawa, daga baya ya daina, sai kallo. Duk inda Iya ta nufa idon nan yana bin ta. Wasu ƙanana biyu suka bi sahunsa.

Wata safiya ina shara a bayan ɗaki na ji Iya tana yi wa Baba magana ƙasa ƙasa.

"Maigida, a fasa rufewar nan. Ƙwarya ɗaya kawai."

"Ba za a fasa ba."

"Yaron Hajo ba zai kai kwana bakwai ba."

"Ina da ido, na gani." Ya ƙara rage murya. "Ke tsohuwa, gidaje shida ne a cikin tulun nan. In aka buɗe shi yau ba mai iya rufe shi. Ƙwarya ɗaya za ta zama goma. Ruwa ya sauka in ba su mi?"

"In uwarsa ta zo ni in ba ta mi?"

Ya saɓi fartanyarsa ya tafi gona, don kullum yana can yana sassabe shi kaɗai, yana tafe yana hutawa.

Rana ta take tsaka, kowa ya kwanta, Iya ta yafuto ni. Ta miƙo mini wani tsinken ƙarfe da ƙaramar ƙwarya, ta nuna mini ƙarƙashin rufewa. Tsakanin gindinta da ƙasa bai kai kamu ɗaya ba, babba ba zai shiga ba, ƙarami ba zai iya huda ba. Ni ce daidai.

"Iya, Baba ya hana."

"Na ji da kunnena, ba sai kin maimaita ba. Shiga, Rabi. Laifin a wuyana."

Na kwanta rigingine na ja jiki na shiga. Wurin da duhu, da warin kashin kaji, ƙasa tana zubo mini a ido. Na yi ta murza ƙarfen har tafin hannuna ya yi ƙuna. Can na ji ya zarce, sai gero ya tsiyayo mini a fuska, da ɗumi, da toka. Allah ya gafarta mini, kafin in tara ƙwarya sai da na buɗe baki na cika shi, na tauna ɗanye ina tari. Na toshe ramin da tsumma na fito.

Ba mu saka shi a turmi ba. A watan nan duk ƙauyen ba gidan da ake jin taɓarya, da mun buga sau ɗaya da kowa ya san akwai hatsi a gidan Namaiwa. Iya ta wanke shi sau uku, ta durƙusa a dutsen niƙa cikin ɗaki ta niƙa a hankali, ta dama kunu mai kauri. Ta ɗora Illo a cinya tana ɗura masa da yatsa. Ya haɗiye. Ya sake buɗe baki.

Niyyarta ƙanana ukun nan kawai. Amma wa ya isa ya ɓoye ƙamshin kunun gero a gidan da yara goma sha bakwai ke jin yunwa? Kwana biyu aka yi suka fara taruwa a ƙofar ɗaki. Ba mai roƙo, tsayuwa kawai suke yi. Ƙanena Sani ya ce, "Iya, ni ma ƙafata ta kumbura," ya ɗaga mata ƙafa, ƙarya yake yi, lafiyarta lau. Iya ta dube shi ta dube shi, ta ce in ɗauko babbar ƙwarya.

Ranar ta zuba wa Baba nasa kamar kowa. Ya dawo daga gona, ya zauna, ya kai ludayi baki. Kurɓa ɗaya ya yi ya tsaya. Duk wankin da aka yi ɗanɗanon toka bai fita ba, kuma shi ya zuba tokar da hannunsa. Na ce a raina yau mun shiga uku. Ya daɗe yana kallon cikin ƙwaryar. Illo yana zaune kusa da shi, karo na farko da ya zauna da kansa cikin kwanaki, yana lasar hannu. Baba ya tura masa ƙwaryar gabansa, ya tashi ya shiga ɗaki. Bai ce da Iya komi ba, ranar ko bayanta. Kullum da rana yakan daɗe a gona fiye da da, na gane don ya ba mu wuri ne. Kunun kuwa bai ƙara sa shi a baki ba, bado yake ci da ruwa.

Mun zaci kwana goma ruwa zai zo. Ya yi kwana arba'in da wani abu. Kullum ina shiga ƙarƙashin rufewa, kullum ina jin geron yana rage ƙarfin zubowa, har ya kai sai na buga cikinta da hannu.

Ranar da ruwan ya sauka da hantsi ne. Iska ta fara, sannan manyan ɗigo masu ɗumi, sannan kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Yara suka fita tsirara suna tsalle, har Illo yana tangaɗi a cikinsu, duk sha bakwai ɗinmu da rai. Ni ban fita ba. Ina ƙofar ɗaki ina kallon Baba, yana zaune a ƙarƙashin zaure ya haɗa kai da gwiwa.

Kwana biyu iyayenmu suka iso, a rame, kowa da jakar fata rataye a kafaɗa. Inna Hajo ta sunkuci Illo tana kuka tana dariya, tana "Iya, Allah ya biya ki, Allah ya biya ki." Iya ba ta ce amin ba. Maza suka gaida Baba, babana ya ce, "Baba, a yi mana awo mu juya, ƙasa ta jiƙa, kada ta sha iska."

Baba ya hau dutse ya fasa liƙin a gabansu kamar yadda ya saba. Ya zura hannu har kafaɗa bai taɓa komi ba. Sai da aka ɗaga Sani aka zura shi ciki ya sharo abin da ya rage. Ƙwarya biyu da 'yar kaɗan, rabi toka.

Babana ya dubi ƙwaryar, ya dubi jakarsa.

"Baba, ina irin?"

"Na ba yara," in ji Baba.

"Ƙarya yake yi, ni ce," in ji Iya. "Shi ya hana. Ga 'ya'yanku nan, kowa ya ƙirga nasa."

Babana mutum ne mai kunyar surukai, ko sunan Iya ba ya faɗa. Ranar ya ce, "Kun kashe mu," ya zauna a ƙasa cikin laka ya rufe fuska. Uwata ta kama hannuna ta ga ƙunar tafin, ta dube ni, ta sake shi.

Aka raba shida. Abin da ya zo gidanmu uwata ta ƙulle shi a bakin zane, jakar ta koma yadda ta zo. Iri a kasuwar Gaya akwai shi jefi jefi, amma sai mai akuya ko saniya, mu kuwa mun cinye namu tun sanyi. Muka shuka ɗan abin a wani gefen gona, ƙwaya uku uku a rami maimakon tsunkule. Ya tsiro kore shar. Sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin, rana ta ƙone shi ƙurmus. Irin haka ba sabon abu ba ne, kowane manomi ya sani, sake shuka ake yi. Da rufewar nan a cike take da an sake har sau biyu. Mu ba mu da abin sakewa.

Abin da ya fi ci mini rai har yau, bayan nan damina ta yi kyan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ruwa a kan kari, ba yawa ba kaɗan. Gonakin maƙwabtanmu da suka ajiye ɗan irinsu gero ya fi mutum tsayi. Tamu ciyawa ce ta yi tsayin. Babana yakan je ya tsaya a bakinta da fartanya, ya dawo bai sari komi ba. Muka yi ƙwadago a gonakin mutane, muka yi kala, amma kowa yana farfaɗowa ne daga tasa yunwar, abin bayarwa kaɗan ne. Yunwa ta biyu ta same mu ba tsoka a jiki. Kulu ta rasu kafin a yi tumu. Sani ya kai sanyi, zawo ya ɗauke shi cikin kwana uku. Sauran gidajen ma haka, labari yana zuwa ɗaya bayan ɗaya har aka daina yi wa juna gaisuwa. Baba bai ga kakar ba, a gona aka tsinci gawarsa. Cikin mu goma sha bakwai, bakwai muka rage. Illo yana ciki, don mijin Inna Hajo ya samu aikin dafa gishiri a Foga. Uwata ba ta ƙara taka gidan Inna Hajo ba har ta mutu, alhali baiwar Allah ba abin da ta yi.

Bayan shekara aka aike ni in zauna da Iya, don ba kowa a gidan. Ta ƙanƙance, bakin nan mai kaifi ya mutu. Wata rana da hantsi muna tsinkar zogale a tsakar gida, abin da ke cina ya fito.

"Iya, da mun bar rufewar nan fa?"

Ba ta ɗago ba. "Da mun binne uku. Wataƙila huɗu. Sauran su rayu, har da Saninki da Kulu."

"Kin san haka?"

"Tun ranar da na miƙa miki ƙarfen na sani. Kakanki ya faɗa mini, kuma gaskiya ya faɗa."

"To don mi, Iya?"

Ta ajiye ganyen a kan faifai.

"Shi Illo yana gabana yana kallona. Su kuwa a lokacin suna yawo da ƙafafunsu." Ta dube ni. "Kullum in na yi salla sai in ɗaga hannu in nemi gafara, sai in kasa. Malamai sun ce sai wanda ya yi nadama ake yafe wa. Ni kuwa, Rabi, da za a mayar da ni ranar nan, a ajiye mini yaron nan a cinya, wallahi sake tura ki zan yi."